Shanyewar ɓarin jiki a tsakanin tsofaffi a birnin Kano

Shanyewar ɓarin jiki, wadda kuma ake kira mutuwar ɓarin jiki ko bugun jini, larura ce da ke faruwa idan jini ya daina isa wani sashe na ƙwaƙwalwa, ko dai saboda jijiyar da ke kai jinin ta toshe, ko kuma ta fashe. Sashen da ya rasa jini yakan fara mutuwa cikin 'yan mintuna, sai gaɓoɓin da yake sarrafawa su daina aiki. Cutar tana kama yaro da babba, amma ta fi yawa ga waɗanda suka manyanta, domin bayan shekara 55 haɗarin kamuwa da ita yakan kusan ninkawa a duk shekara goma. A cikin birnin Kano, wato unguwannin da ke cikin ganuwa a ƙananan hukumomin Birni, Dala da Gwale, babban abin da ke jawo ta shi ne hawan jinin da ba a gano ba, ko wanda aka gano amma ba a shan maganinsa a kai a kai. Makomar wanda ya kamu ta fi dogara ga abu biyu: saurin kai shi asibiti, da irin jinyar da iyalinsa za su yi masa a gida.

Suna da fahimtar jama'a

Hausawa sun raɗa wa cutar suna daga abin da ido yake gani, wato hannu da ƙafa na gefe ɗaya sun shanye. Asalin ciwon kuwa yana cikin ƙwaƙwalwa. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke sarrafa gefen dama na jiki, ɓangaren dama kuma yana sarrafa gefen hagu. Ga yawancin mutane cibiyar magana tana ɓangaren hagu, shi ya sa wanda gefensa na dama ya shanye ya fi samun matsalar magana.

Cutar ta bambanta da shan inna, wadda ƙwayar cuta ke haddasawa kuma ta fi kama ƙananan yara. Saboda tana zuwa farat ɗaya, wani lokaci a banɗaki ko a cikin barci, wasu iyalai sukan danganta ta da iska, jifa ko sammu, sai su fara da ruƙiyya, rubutun sha, ko ƙaho da tsaga a wurin wanzami kafin su tafi asibiti. Illar hakan ita ce ɓata sa'o'in farko, waɗanda su ne suka fi muhimmanci wajen ceto ƙwaƙwalwa. A tarihin likitanci, wani likita ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Johann Jakob Wepfer ya nuna a shekarar 1658 cewa ana samun zubar jini a ƙwaƙwalwar wasu da suka mutu da wannan cuta.

Ire-irenta

Nau'in farko shi ne na toshewa, inda gudan jini ko kitsen da ya taru a bangon jijiya yake tare hanyar jini. Gudan jinin yakan taru a jijiyar ƙwaƙwalwa ko ta wuya, ko ya taso daga zuciya. Nau'i na biyu shi ne na fashewa, inda jijiya take tsagewa jini ya malala a cikin ƙwaƙwalwa ko a kewayenta. Wannan ya fi saurin kisa, kuma hawan jini ne babban dalilinsa.

Akwai kuma ƙaramin bugu na wucin gadi, wanda alamominsa ke zuwa su wuce cikin mintuna ko 'yan sa'o'i. Mutane kan ɗauke shi a matsayin gajiya ko jiri, alhali gargaɗi ne cewa babban bugu na iya biyowa baya, musamman a kwanakin farko. Wanda ya same shi yana buƙatar ganin likita a ranar, ko da ya ji ya warware.

Yawan cutar

Ƙungiyar Yaƙi da Bugun Jini ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 12 ne ke kamuwa a kowace shekara, kuma ɗaya cikin huɗu na mutanen da suka haura shekara 25 zai kamu a tsawon rayuwarsa. Cutar tana sahun gaba a cikin abubuwan da ke kashe mutane da naƙasa su a duniya. An keɓe ranar 29 ga Oktoba ta kowace shekara domin wayar da kai a kanta.

Babban binciken da aka yi a Afirka ta Yamma shi ne wanda ake kira SIREN. An gudanar da shi a asibitoci 15 na Najeriya da Gana, ciki har da na Kano da Zariya, daga 2014 zuwa 2017, aka wallafa sakamakonsa a 2018. An kwatanta masu cutar su 2,118 da wasu mutane masu lafiya adadinsu ɗaya. Matsakaicin shekarun masu cutar 59 ne. Kashi 68 cikin 100 nasu na toshewa ne, kashi 32 na fashewa. Wannan kaso na fashewa ya zarce na ƙasashe irin su Amurka, inda kusan kashi 87 cikin 100 na toshewa ne. Binciken ya danganta kusan kashi 90 cikin 100 na haɗarin cutar da hawan jini.

Alamomi

Alamomin sukan zo ba zato ba tsammani. Ma'aikatan lafiya suna koyar da hanya mai sauƙi ta ganewa, wadda a Turanci ake taƙaitawa da haruffan FAST:

Fuska: a ce mutum ya yi murmushi. Idan baki ya karkace ko gefe ɗaya ya zube, alama ce.
Hannu: a ce ya ɗaga hannayensa biyu. Idan ɗaya ya kasa tashi ko yana sauka da kansa, alama ce.
Magana: a ce ya maimaita wata gajeriyar jimla. Idan harshe ya yi nauyi, ko maganar ta rikice, ko ya kasa fahimta, alama ce.
Lokaci: idan an ga ko da ɗaya daga cikin waɗannan, a tafi asibiti nan take, a kuma riƙe lokacin da abin ya fara.

Sauran alamomin sun haɗa da ɗaukewar gani a ido ɗaya ko gani biyu-biyu, jiri da tangaɗi, dindiris a gefe ɗaya, da matsanancin ciwon kai da mutum bai taɓa jin irinsa ba, wani lokaci tare da amai ko suma.

Abubuwan da ke jawo ta

Akwai abubuwan da mutum ba shi da iko a kansu, kamar yawan shekaru da gado. Akwai kuma waɗanda za a iya gyarawa, kuma su ne suka fi yawa. Baya ga hawan jini, binciken SIREN ya lissafa yawan kitse a jini, ciwon suga, ciwon zuciya, tumbi, yawan cin nama, ƙarancin cin ganye, ƙara gishiri a abincin da aka riga aka dafa, rashin motsa jiki, shan taba, da damuwa.

Wani nau'in rikicewar bugun zuciya da ke yawaita ga tsofaffi yana sa jini ya daskare a cikin zuciya, kuma yana ninka haɗarin cutar kusan sau biyar. Magungunan ciwon gaɓoɓi irin su diklofinak da ibufurofin, waɗanda tsofaffi da yawa kan saya a kemis su daɗe suna sha, suna iya ɗaga jini su kuma taɓa ƙoda. A wajen yara kuwa, ciwon sikila ne babban dalili, kuma an yi bincike a asibitocin Kano kan kare masu sikila daga bugun jini da maganin haidiroksiyuriya.

Rigakafi

Auna jini. Hawan jini yakan daɗe shekaru ba tare da wata alama ba, don haka aunawa kaɗai ke bayyana shi. Ana cewa mutum yana da shi idan awonsa ya kai 140/90 ko ya wuce, a ranaku daban-daban. Ana yin awon a asibitocin unguwa da manyan shagunan magani, kuma akwai na'urar gida mai amfani da batir. Daga shekarar 2020 an fara wani shirin ƙasa na kula da hawan jini a ƙananan asibitocin jihohin Kano da Ogun, domin kusantar da awo da magani ga jama'a.

Shan magani. Maganin hawan jini, kamar amlodifin, yana riƙe jini ne a ƙasa muddin ana shansa. Yawancin masu ciwon suna buƙatarsa har ƙarshen rayuwa, wasu ma sai an haɗa musu iri biyu ko uku. Kuskuren da aka fi yi shi ne daina sha da zarar an ji sauƙi, ko da zarar kuɗi sun yanke. Idan maganin yana kawo kumburin ƙafa, tari ko jiri, likita yana iya sauya shi da wani. Zoɓo da tafarnuwa ba sa maye gurbin maganin asibiti.

Gishiri da abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma lissafin ya haɗa da gishirin da ke ɓoye a cikin abinci. A girkin Kano sinadarin sodiyam, wanda shi ne ke ɗaga jini, yana shigowa ta gishirin miya, dunƙulen ɗanɗano, kanwa, yajin tsire, kilishi, taliyar leda da burodi. Rage dunƙule tare da ƙara daddawa, albasa, citta da tafarnuwa yana riƙe ɗanɗanon miya. Ganyen da aka saba da su, kamar zogale, rama, alayyahu, yakuwa, lalo da kuka, suna da amfani, haka nan wake, gero da dawa. Ana son rage kitsen nama, man shanu, soye-soye, lemon kwalba da yawan sukari a shayi da kunu.

Motsa jiki. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce aƙalla minti 150 a mako na motsa jiki matsakaici, misali tafiya da ɗan sauri ta minti 30 sau biyar a mako, tare da atisayen da ke ƙarfafa tsayuwa don kare faɗuwa. Dattijon da ke takawa zuwa masallaci ko kasuwa yana samun wani kaso na wannan. Wanda ke wuni zaune a rumfa a Kurmi ko Ƙofar Wambai yana buƙatar riƙa tashi yana zagayawa. Tsofaffin mata da ba sa yawan fita suna iya zagaya tsakar gida da safe ko da yamma.

Taba da sauran cututtuka. Barin sigari, shisha da taba gari yana rage haɗari ko da mutum ya tsufa. Mai ciwon suga yana buƙatar riƙe sugansa daidai. Likita kan ba mai yawan kitse a jini maganin rage shi, mai rikicewar bugun zuciya kuma maganin tsinka jini. Bai dace mutumin da bai taɓa kamuwa ba ya ɗora wa kansa shan asfirin kullum ba da umarnin likita ba, domin yana iya jawo zubar jini.

Azumi. Mai hawan jini ko ciwon suga yana buƙatar ganin likita kafin watan Ramadan, domin a daidaita masa lokutan shan magani tsakanin buɗe-baki da sahur. Idan azumi ya faɗo a lokacin zafi, shan isasshen ruwa da daddare yana da muhimmanci.

Agajin farko da magani a asibiti

An ƙiyasta cewa a babban bugu na toshewa, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 1.9 ne ke mutuwa a kowane minti da ya wuce ba tare da magani ba. Kafin a isa asibiti ana kwantar da mutum a gefensa, a sassauta masa tufafi. Ba a ɗura masa ruwa, rubutu, zuma, kunu ko ƙwayar magani, domin haɗiya takan lalace, abin ya bi ta huhu. Ba a ba shi asfirin, domin idan jijiya ce ta fashe zai ƙara zubar jinin. A tafi da duk magungunan da yake sha, da wanda ya san lokacin da aka ga shi lafiya na ƙarshe. Da yake lungunan cikin birni da yawa mota ba ta shiga, akan ɗauko maras lafiya a kujera ko a bargo zuwa bakin titi, ba tare da an ja hannun da ya shanye ba.

A asibiti ana auna jini da suga, domin faɗuwar suga takan yi kama da bugun jini. Hoton ƙwaƙwalwa na CT shi ke raba toshewa da fashewa, kuma a kansa ake gina magani. Idan toshewa ce, akwai allurar narkar da gudan jini da ake bayarwa cikin sa'a huɗu da rabi daga farawar alamomi, akwai kuma aikin zaro gudan jinin ta cikin jijiya. Waɗannan hanyoyi biyu ba su yaɗu a Najeriya ba saboda tsada, ƙarancin kayan aiki da zuwa a makare. Duk da haka kwanciya a asibiti tana ceton rai, domin a can ake daidaita jini, a sauke zazzaɓi, a gwada haɗiya, a ciyar ta roba idan ta kama, a kuma fara motsa gaɓoɓi.

Asibitoci

Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad, da ke kusa da Ƙofar Mata, shi ne babban asibitin da ke cikin birni. An kafa shi a shekarun 1920, a da ana kiransa Asibitin Birni, daga baya aka sa masa sunan Janar Murtala Muhammad wanda aka kashe a 1976. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, yana kan titin Zariya a wajen ganuwa, kuma yana da likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959, yana da sashen gashin ƙashi, kamar sauran biyun. Jami'ar Bayero tana horar da ma'aikatan wannan fanni.

Farfaɗowa

Ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da suka mutu ba sa dawowa, amma sassan da suka tsira suna iya koyon aikin da aka rasa ta hanyar maimaici. Sauƙi ya fi sauri a watanni uku na farko, yana ci gaba zuwa wata shida, wasu kuma suna ƙara samun ci gaba bayan shekara. Wasu sukan koma harkokinsu, wasu kuma sukan rayu da naƙasa.

Gashin ƙashi, wanda ake kira fisiyo, ya ƙunshi koyon juyawa a shimfiɗa, zama, miƙewa, takawa da kama abu da hannu. Zuwa asibiti sau ɗaya ko biyu a mako ba ya wadatarwa sai an riƙa maimaita atisayen a gida kullum. Barin maras lafiya ya yi abin da zai iya da kansa, kamar cin abinci ko sa riga, yana cikin magani, ko da zai ɗauki lokaci. Gasa gaɓa da ruwan zafi ko garwashi yana da haɗari, domin gefen da ya shanye ba ya jin zafi sosai, yana iya ƙonewa.

Wanda ba ya iya juyawa da kansa ana juya shi kusan duk sa'a biyu, a kula da tsabta da bushewar fata, domin kare gyambon kwanciya a ƙugu, duwawu da diddige. Ana tallafe hannun da ya shanye da matashi, kuma ba a ɗaga mutum ta hannun, domin kafaɗa tana iya gocewa. Wajen cin abinci ana zaunar da shi sosai, a ba shi kaɗan-kaɗan. Abinci mai kauri da laushi, kamar kunu mai kauri, fate ko tuwo mai taushi, yakan fi ruwa tsinkakke sauƙin haɗiya ga wasu. Tari ko sauyin murya bayan haɗiya alama ce ta a koma wurin likita.

Rasa magana ba ya nufin rasa hankali. Ana yi wa mutum magana a hankali, da gajerun jimloli, a ba shi lokaci ya amsa. Abin da aka haddace tun ƙuruciya, kamar gaisuwa, ƙidaya da gajerun surori, yakan fi saurin fita, kuma ana amfani da shi wajen atisaye. Kusan ɗaya cikin uku na waɗanda suka tsira suna samun ciwon baƙin ciki, wanda ke bayyana da ƙin abinci, ƙin atisaye ko yawan kuka. Wannan ma yana da magani.

Gida da zaman jama'a

Tsarin gidajen cikin birni yana da abubuwan da ke wahalar da mai raunin ƙafa: dokin ƙofa a zaure da shigifa, ƙasa marar daidaito, kwata a bakin ƙofa, matakalar bene da masai na tsugunno. Gyaran da ake yi ya haɗa da mayar da maras lafiya ɗakin ƙasa kusa da banɗaki, ɗora kujera mai rami a kan masai, kafa ƙarfen riƙewa a bango, sa fitila a hanya, da ɗauke tabarmi da darduma daga inda yake takawa. Gado mai matsakaicin tsayi ya fi katifar ƙasa sauƙin tashi. Sanda mai ƙafa uku ko huɗu da keken guragu suna taimakawa wajen fita.

Fiƙihun Musulunci ya yarda maras lafiya ya yi salla a zaune ko a kwance, ya kuma yi taimama idan alwala ta gagara. Komawa masallacin unguwa, majalisa ko sabgogin dangi yana rage kaɗaici. Nauyin jinya yakan faɗa kan matan aure, 'ya'ya mata da surukai, kuma yakan ɗauki watanni ko shekaru. Raba kwana tsakanin 'yan uwa da haɗa kuɗin magani yana hana mutum ɗaya ya gaji har jinyar ta lalace.

Kare dawowar cutar

Wanda ya taɓa kamuwa ya fi sauran mutane haɗarin sake kamuwa, kuma bugu na biyu yakan fi na farko muni. Saboda haka ana ci gaba da maganin hawan jini da na suga ba yankewa. Wanda nasa na toshewa ne akan ƙara masa asfirin ko makamancinsa da maganin rage kitse, bisa umarnin likita. Ana son a riƙa rubuta awon jini a littafi ana kai wa likita a ranar asibiti. 'Ya'ya da ƙannen mai cutar su ma suna buƙatar auna jininsu, domin hawan jini yana bin dangi.

Duba kuma

Hawan jini
Ciwon suga
Ciwon sikila
Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano
Ganuwar Kano